Ƙarfe Uku Da Kwata

Ran wata Laraba suka ɗaure ta a bangon zaure,
'yar farar mita mai jan ido guda,
ba ta barci, ba ta amsa gaisuwa.
Yaron kamfani ya ce, "Inna, wannan wayayyiya ce,
duk abin da gidan nan ya sha tana ƙirgawa,
ta aika can." Ya nuna sama da leɓe.
Na ce, "Ni fa?"
Ya ɗaure tsaninsa a babur, ya wuce.

Ni Barira, mai ƙanƙara a Garin Malam,
jikka biyar nake zuba mata ran Juma'a,
kafin Talata ta soma kukan ɗan tsako.
Firigo ɗaya, ƙwan fitila uku, fanka mai tari.
To, ina saura ke zuwa?

Na zargi Kiyari tela, mai haya a shagon waje,
na ce dutsen gugarsa ne ke lashe ni.
Ya rantse, na rantse.
Wata biyu bai sayi zoɓona ba,
ɗinkin sallata sai Kasuwar Dole na kai.

Na hau kabu-kabu zuwa ofishinsu,
na ce a nuna mini abin da ta rubuta a kaina.
Aka ce mai makullin na'ura yana Yamai.
Na koma, aka ce rezo ya ɗauke.
Na koma, aka ce in rubuto da Faransanci,
in manna tambur, in haɗo katin shaida.
Tuwona, miyata, murhuna,
amma sai da izini zan leƙa tukunya.

Ana cikin wannan jeka-ka-dawo Baba ya kwanta.
Kwana tara.
Muka kai shi inda ba a sayen wuta.

Bayan arba'in Yagana ta shigo da takardu huɗu,
ta ce, "Mama, sun bayar."
Ta shimfiɗa su a kan murfin firigo,
ta bi layin da ɗan yatsa.
Da rana yana rarrafe.
Da magariba ya ɗan ɗaga kai.
Amma kullum, ƙarfe uku da kwata na dare,
sai ya miƙe tsaye kamar dutsen Birni,
minti ashirin, ya koma ya kwanta.

Wa ke ido biyu a wannan lokaci?
Kiyari tun isha'i yake sa kwaɗo.

A ƙarƙashin gadon Baba muka same shi,
ƙarfen dafa ruwa, naɗe cikin tsohuwar hula,
kusa da buta.
Gwiwoyinsa ba sa son ruwan randa,
shi kuma bai son tashe ni hura gawayi,
ya san tun asuba nake ƙulla leda.

Duk Talata ina mita a tsakar gida,
ina tsine wa ɓarawon wuta,
yana zaune yana jan carbi, bai ce uffan ba.

Yagana ta juya takarda ta ƙarshe.
Daga sha biyu ga wata
layin ya kwanta ɗoɗar kamar hanyar Tanut,
babu tudu, babu kowa.

Ashe wata na'ura a Yamai
ta san tsayuwar daren ubana,
ni da katanga ɗaya ta raba mu ban sani ba.
Da sun ba ni takardar nan tun zuwan farko,
da na zuba jikka shida, na kama bakina.

Na kai wa Kiyari zoɓo mai sanyi, ƙulli biyar.
Bai tambaye ni dalili ba,
ya ce in kawo zanen, zai rage mini.

Yanzu jikka biyar tana kai ni Alhamis.
Ba na son wannan ribar.
Wani dare nakan farka, uku da kwata,
in fito zaure,
ni da jan idon nan mu yi ta kallon juna.