Ƙosan Tumba

Ran Talata takardar ta iso,
ranar da kasuwar Mafara ke ci.
Mai babur ya kawo ta, hatimi biyu a gindi,
sunayen littattafai goma sha bakwai.
Na tara ma an kuskure rubuta sunansa,
alamar wanda ya hana shi
ko bangonsa bai taɓa ɗagawa ba.

Ni ke riƙe da mabuɗin ɗakin karatu,
shekara ashirin da ɗaya ina faɗa da gara,
ina ɗinke bango da zaren buhu.
Shugaba Marafa ya ce, "Arzika, a kwashe.
Kada ka tambaye ni, ni ma ba a tambaye ni ba."

Na kwashe, da hannuna.
Na zare mai bayanin yadda jikin yarinya ke girma,
na zare mai maganar dalma a ruwan rijiya,
na zare labarin kurar da aka naɗa alƙali,
wai wani babba ya leƙa, ya ga fuskarsa.
Kanta ta koma bakin tsoho,
giɓi nan, giɓi can.

An ce a ƙona.
Amma Nomau masinja ba ya iya kallon asara.
Bayan la'asar ya ɗora buhun a sikeli,
kilo tara,
ya sayar wa Tumba mai ƙosai a bakin ƙofa,
ya sha shayi mai kauri da kuɗin.

Da safe Hantsi 'yar aji uku ta sayi na hamsin.
Ta cinye, ta ɗaga hannu za ta yar da takarda,
sai idonta ya maƙale a layi.
Mai ya jiƙa shafin har ana hango na bayansa.
Nan ta tsaya, ƙararrawa ta yi ta gaji,
ta sha bulala biyu ba ta ce uffan ba,
takardar na kwance cikin hijabi.

Kafin sati kasko bai hutawa.
Tumba ta ce da ni, "Ɗiyan ga, mi ya same su?
Ba su son yaji, ba su son gyara,
sai dai, Inna, ƙara takarda."

Yaran da ba sa shigo mini sai gudun rana
su ne ke ciniki a bayan ɗakin gwaji,
ba ni talatin da biyu, in ba ka sittin.
Suka jera, suka ɗinke da zaren kitso,
littafi na warin man gyaɗa.
Shafi ɗaya ne ya ƙi samuwa, na tamanin da huɗu,
daidai inda kura za ta yanke hukunci.
Ko akuya ce, ko murhu, Allah masani.

Sai kowa ya rubuta nasa.
Shida na gani.
A ɗaya an tuɓe mata rawani.
A ɗaya ta haɗa mai ƙara da wanda ake ƙara, ta cinye.
A na Hantsi dabbobi suka miƙe ɗaya bayan ɗaya,
suka bar ta tana buga tebur,
ba mai ji sai bango.

Da mai duba makarantu ya zo daga Gusau,
ya ƙirga giɓin kanta, sha bakwai cif,
ya ce madalla, ya sa hannu.
Yunwa ta taɓa shi, ya aika bakin ƙofa.
Ta taga nake kallonsa cikin mota,
ya lashe yatsa,
ya shimfiɗa takardar a gwiwa,
ya karanta, ya juya bayanta,
direba ya tada mota, ya ce dakata.
Can ya ninke ta huɗu, ya sa aljihun gaba.

Ko ta tamanin da huɗun ce, ban sani ba.
Ban tambaya ba.
Na rufe taga, na juya mabuɗi sau biyu,
na lalubi hamsin a aljihu.