Kwana Tara a Littafin Babana

Babana, Mofizul Pramanik,
shekara talatin da ɗaya yana riga ladan tashi,
ya naɗe zanensa zuwa gwiwa,
ya gangara bakin Jamuna da tocila a haƙora,
ya karanta turken awo mai zanen baƙi da fari.
Abin da ruwa ya faɗa, shi yake rubutawa.
Bai taɓa yi wa kogi gyaran zance ba.

Ni kuwa, Shefali, ina Dhaka, hawa na shida,
inda fanka ke juya zafi ba ta korarsa,
ina tsince lambobi yadda Inna ke tsince shinkafa:
tsakuwa gefe, ƙwaya gefe.
Da su muke ciyar da na'ura mai ƙirƙirarriyar basira,
wadda za ta ce wa mutanen tsibirai,
"Ku kwance shanu, ku kwashe yara, ruwa na tafe jibi."

Ita na'urar ba ta taɓa jiƙa ƙafa ba.
Ba ta san warin ramar da aka tsoma a kududdufi ba,
ba ta san nishin da gaɓa ke yi kafin ta zube ba.
Abin da muka ɗura mata, shi ne kogi a wurinta.
Ka ba ta gaskiya, ta haddace.
Ka ba ta ƙarya, ta haddace,
da ladabi iri ɗaya, ko gira ba ta ɗagawa.

Ranar Talata na ci karo da su.
Sha biyu da ɗigo huɗu.
Sha biyu da ɗigo huɗu.
Sau tara a jere, a tsakiyar damina!
Jamuna, da ba ya kwana inda ya yini,
wai ya yi kwana tara bai motsa ba.
Na nemo hoton shafin. Tawadar shuɗiya ce,
kuma wannan hannu mai gaggawa ba na Baba ba ne.

Sai na tuna shekarar da masassara ta kayar da shi,
muna ɗora masa jiƙaƙƙen tsumma a goshi,
aka miƙa wa Tuhin, ɗan ƙanensa, littafin.
Tuhin mai tsoron maciji, mai son barcin safe.
Ya ari na jiya ya ba yau,
ya ari na yau ya ba gobe,
yana kwance a tabarma, ko inuwar ruwa bai gani ba.

Shugabana ya leƙo ta kafaɗata.
"Tara cikin dubu goma sha ɗaya? Bar su. Wa zai lura?"
Na ce, "A cikin taran nan ruwa ya ci makarantarmu,
da rijiya, da mangwaron da muke ɗaura lilo.
In na bar su, na koya wa na'ura
cewa makaranta kan nutse kogi yana kwance.
Ranar da ta sake ganin irin wannan sama,
za ta ce wa mutane su gyara kwanciya."

Da dare na kira gida.
Ina jin kwaɗi a bayansa, da ɗan tari.
Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke.
"Na ga tawadar," in ji shi, "tun ranar da na miƙe.
Yaron maraya ne, sai bakina ya yi nauyi.
Goge su, 'yata. Kuma kada ki cike da naki hasashen.
Bar wurin fili, ki rubuta: ba a auna ba.
Wanda ya ce ban sani ba
bai taɓa nutsar da kowa ba."

Na goge.
Layi tara farare fat,
kamar giɓi a bakin dattijo,
ba kyau, amma nasa ne.

Da asuba wayata ta yi ƙara a ƙarƙashin matashi.
Saƙonsa, babu ko gaisuwa:
sha ɗaya da ɗigo tara, yana hawa.
Na tashi, na kunna fitila,
na karanta sau biyu kafin na shigar.