Lamba Ɗari Biyu da Sha Huɗu

Ni ne Tjibbe, mai rumfar gyara
a bayan ɗakin karatun jami'a, nan Groningen,
inda iska ke tasowa daga teku
ta mari mai keke tun da sassafe,
ba ruwanta da farfesa ko ɗan aji ɗaya.

In Yuli ya kama, ɗalibai sun watse,
sai su bar mini marayu jingine da shinge:
wani ba sirdi, wani taya ta lotse,
wani sarƙarsa ta yi jawur da tsatsa.
Nakan ɗaura wa kowanne takarda ruwan lemo,
in ƙirga mako shida.
In ba wanda ya zo, almakashin ƙarfe ya yi magana,
kwaɗo ya faɗi ƙasa.

Shi wannan ba daga shinge ya zo ba.
Da ƙugiya aka tsamo shi daga ruwan da ya ratsa gari,
kore shar, laka har wuya,
katantanwa uku sun kama haya a kwandonsa.
Hidde, yaron aikina, ya ce na bola ne.
Na ce da tsohuwar zuma ake magani, miƙo sifana.
A ƙarƙashin sirdi, da tsinin wuƙa,
wata ta karce sunanta: Marrit.
Ban goge ba.

Kwana tara na yi a kansa.
Faci huɗu, sabon birki, giris cikin cokali.
Ƙararrawar ce kawai ta gagare ni,
kukanta na agwagwa mai mura.
Na buga masa lamba ya shiga layin kekunan aro:
nuna katinka, ɗauka, maido kafin hutu.

Filin nan da kuke gani, da can na motoci ne,
sittin, hanci da hanci, suna tari da asuba.
Ranar da aka tumɓuke allonsu
Farfesa Wiersma ya zo rumfata yana huci,
wai gwiwarsa, wai jakarsa, wai ruwan sama.
Na ba shi koren, don shi kaɗai ya rage.
Ya tafi yana tangaɗi kamar maraƙin da aka haifa yanzu.
Bayan wata biyu ya maido, ya sayi nasa.
Bai ce na yi gaskiya ba.
Ya dai ajiye mini curin cuku a kan benci.

Tun daga nan koren bai huta ba.
Ya ɗauki mai ƙirga taurari,
ya ɗauki mai leƙen ƙwayar cuta,
ya ɗauki naɗaɗɗiyar katifa da tukunyar fure,
ya kai mutum biyu gida da tsakar dare,
ta bayan tana riƙe da takalmanta a hannu.
Bai taɓa tambayar kuɗin mai ba.
Abincinsa cinya da numfashi,
hayaƙinsa ɗan tururin baki ranar sanyi.

Jiya ana yayyafi, ina gwada birki,
babban yatsana ya taɓa ƙararrawar.
Wata mata da ke wucewa da 'yarta ta ja ta tsaya.
"Agwagwata!" in ji ta.
Ashe ba ruwa ne ya shaƙe muryar ba,
haka ubanta ya sayo ta, a kasuwar tsofaffin kaya.
Shekara takwas ina jin kunyar abin da bai lalace ba.

Daren da ta gama jarrabawa ya zame daga gada,
ta yi kuka, ta bar garin a jirgin ƙasa.
Na ce to, ga kayanki.
Ta duba littafin aro: an rubuta wani yaro,
yana da jarrabawa gobe ƙarfe tara.

Ta shafa sirdin, ta leƙa ƙarƙashi.
Ta ce a bar shi a layi.
Ta ɗaga yarinyar ta danna sau ɗaya,
agwagwa ta yi kuka, yarinya ta tuntsire da dariya,
suka bi ta kan gada a ƙafa.