Mai Ɗinkin Raga

Kashe rediyon nan, Anacleto, na ji da kunnena.
Sun sayar da Telmo.
Ajiye almakashin tukuna, kada ka yanke ni,
yau kaina ba zai tsaya wuri ɗaya ba.

Shekara talatin da ɗaya ina ɗinke ragar kulob ɗin nan
da allurar da nake ɗinke ragar masunta a bakin teku,
ban taɓa karɓar ko sisi ba.
Kowace Litinin sai in jingina tsani in hau,
in karanta wasan Lahadi a jikin zare.
Kusurwar hagu ta sama, can inda gizo ke saƙa,
wannan yagar Telmo ce.
Bara sau goma sha bakwai na ƙulle ta,
ina zaginsa, ina murmushi.

Yanzu an tura shi Beljiyam,
wai da kuɗin za a kafa mana sababbin fitilu.
Fitilu! Don mu ga me?
An sayar da saniya an sayo ƙwarya,
sai a zauna a yi ta leƙen cikinta.

Ga kuma kocin da suka ɗauko daga Lisbon,
Fausto wane, gemunsa ma bai gama haɗuwa ba.
Kwamfuta a hammata,
yana ƙirga taku nawa kowa ya yi a fili.
Wai daga baya za a riƙa gina wasa:
gola ya ba ɗan baya, ɗan baya ya mayar wa gola.
A filin Foz de Areia?
Yaron bai ga Nuwamba ba.
Bai ga iskar teku ta ɗauki bugun kwana
ta sauke shi a makabartar bayan coci ba.
A nan iska 'yar wasanmu ce kafin hutu,
bayan hutu ta sake riga.

Amílcar kuwa an ƙara masa shekara guda.
Talatin da tara, gwiwoyinsa na kuka kamar ƙofar shagon nan,
amma ya san inda ƙasa ta lotsa a gaban ragarsa,
ya san wanda zai buga tun bai ɗaga ƙafa ba.
Da tsohuwar zuma ake magani.
Wannan kaɗai suka yi daidai, kuma na san bisa kuskure ne.

Sai yaron da aka aro daga tsibiran Cape Verde.
Nivaldo. Siriri kamar sandar fatsa,
sanye da safar hannu a watan Agusta.
Ranar Alhamis na bi ta wajen atisaye,
ba don komai ba, jiragen sadin ne suka makara.
Ya karɓi ƙwallo da ƙirji, bai duba kowa ba,
sai na ji "tas!"
Kusurwar dama, ta ƙasa,
wurin da zarena bai taɓa tsinkewa ba.

Ban ce komai ba fa.
Ba na cinikin kifi yana ruwa.

Kana son lissafina? Na goma sha ɗaya.
Za mu ci wasa uku a jere, gari ya ruɗe,
sannan hunturu ya zo ya karɓi bashinsa,
a sallami Fausto kafin Kirsimeti,
mu tsira a ranar ƙarshe da ƙwallon da ta bugi gwiwar wani.
Ni dai bana ba da ni ba.
Na faɗa wa Gracinda, na gama, ƙafata ba za ta taka ba.
Ba ta ce uffan ba,
sai ta zaro tikiti biyu daga aljihun kwat ɗina
ta ɗora su kusa da kwanon miya.
Ɗaya na jikata ne. Ita ta matsa.

To, ci gaba da askin, amma yi sauri.
Shagon Custódio na rufewa ƙarfe shida,
kuma zaren da nake da shi a gida
ba zai iya da ƙafar yaron nan ba.