Keken da Ba Ya Barin Ɗaki

Likita ta ɗora yatsa a kan hoton ƙirjina,
ta ce, "Eilert, zuciyarka ta koyi ƙiwuya.
A riƙa korar ta rabin awa kowace safiya.
Amma ban da titi. Titi ƙanƙara ce har Afrilu."

Shekara talatin da ɗaya ina raba wasiƙu a Tromsø,
hawa da gangara, daga bakin teku zuwa bayan maƙabarta,
har a watannin da rana ke yin yaji ta ƙi leƙo mu.
Yau ni ake koya wa cewa hanya tana da santsi.

Ragnhild, autata, ta ɗauke ni a mota ran Asabar.
Kantin fes, haske tar, kamar ɗakin tiyata.
Kekuna sun yi sahu, kowanne ƙafarsa a dashe,
babu wanda ya taɓa sanin ɗanɗanon taɓo.

Yaron kantin, Sindre, gemunsa bai gama tsirowa ba,
ya ce, "Wannan yana da majingina, saboda ciwon baya."
Na zauna. Ƙafafuna a gaba, kamar mai jiran a yanke masa farce.
Na ce keke nake nema, kujera ina da ita.

"Wannan kuwa maganaɗisu ne ke riƙe shi,
ko kyanwa ba za ta farka ba."
Na taka. Shiru. Shirun ya yi yawa.
Tun da Gunvor ta rasu gidana cike yake da irinsa,
ban ga dalilin sayo ƙari ba.

Na uku allo ne da shi, faɗin faranti.
Wata yarinya a ciki tana yi mini tsawa da murmushi,
tana ja na kan duwatsun ƙasar da ban taɓa zuwa ba,
kuma duk wata sai na biya ta ladan tsawar.
Ragnhild ta ce, "Baba, yana ƙidaya bugun zuciya."
Na ce ai ni ma ina jin sa, da dare, a kunnen hagu.

Har mun juya.
Sai can lungu, bayan kwalaye, na hango wani ƙarfe
mai ƙafa biyu a buɗe, ba sirdi, ba feda,
kamar abin da aka fara ƙerawa aka manta.
Sindre ya ɗaga kafaɗa: "Wannan sai mai kekensa.
A ɗaura tayar baya a kai, ta yi ta juyi a wuri ɗaya.
Yana da ƙara, gaskiya."
Na ce, naɗe mini.

Mu biyu muka hauro da tsohon jan kekena daga ɗakin ajiya,
bene uku, tana mita, ina haki.
Sirdin bai manta da ni ba.
Sarƙar ta sha mai, ta yi tari, ta kama waƙarta.

Yanzu ƙarfe shida nakan fuskanci taga.
Waje baƙi ƙirin, sai fitilun jiragen kamun kifi.
Ina takawa, ina kiran gidaje a zuci:
lamba huɗu, mai karen nan gurgu;
lamba tara, gwauron da ba a taɓa rubuto masa ba,
amma kullum yana bakin ƙofa;
sha bakwai, inda wata mai shanya
ta ce hulata ta karkace, na aure ta.

A nan nakan rage gudu.

Da na kai tudun maƙabarta sai in kaɗa ƙararrawa,
Oddny ta ƙasa ta bugo rufin ɗakinta da sandar tsintsiya,
sau biyu. Ban sani ba ko faɗa ne ko gaisuwa.
Gumi dai na tsiyaya a kan tabarmar roba,
ban je ko'ina ba,
kuma saura gida goma sha ɗaya.