Kwana Tara Babu Sabis

Ranar Talata da hantsi aka ɗauke sabis.
Ba tsawa, ba sallama,
sandunan goshin waya suka zube ɗaya-ɗaya
kamar haƙoran tsoho.

A Farin Gada magidanta sun ɗaga waya sama
kamar masu roƙon ruwa.
Mai cirar kuɗi ya kife na'urarsa.
Buhun dankalina goma sha biyu,
mai saye yana Kano, shiru.

Inna tana Bukuru da hawan jini.
Na yagi kwalin magi,
na ari biro, hannu ya manta hanya:
"Kin sha magani? Akwai gawayi?
Ki rufe ƙafa, garin da sanyi."
Gyang direba ya soke shi bayan madubi,
ya ce ya san gidan, mai bishiyar fiya.

Da magariba ya dawo da amsa a baki:
"Ta sha. Ta ce kai ne ba ka cin abinci."
Ga ƙullin acca a leda.

Da dare sai shagon Chundung,
rediyo ɗaya, kunnuwa ashirin.
Wanda ya fito Gangare ya faɗi abin da ya gani,
ban da abin da ya ji.
Sharaɗinmu ke nan.

Sun tsinke igiya, sun manta muna da ƙafa.

Rana ta tara waya ta farka tana rawar ɗari,
saƙo sittin da uku, duk sun yi tsami.
Kwalin yana ƙarƙashin matashin Inna.
Ta ce rabonta da rubutuna
tun ina aji huɗu.