Mai Riƙe da Littafi

Ranar Asabar a Nima, bayan La'asar,
nakan buɗe kwantenar da muka shafa wa shuɗin fenti,
in share ƙofa, in jawo benci,
in ɗora littafi da biro a kan buhun gari.

Kada ka zaci mabarata ke zuwa.
Issaka ne, mai gadin banki a Osu,
takalmi na ƙyalli har ka ga fuskarka,
albashinsa kan rasu ran sha tara ga wata,
sauran kwanakin zaman makoki ne.
Fusena ce, mai wanke-wanke a gidan tuwo,
sabulu ya cinye mata tafin hannu.
Rabin Mamobi na ci a kwanon da ta ɗauraye,
ita kuwa ta koma gida ta raba ƙwai ɗaya kashi uku.

Olonka biyu na shinkafa. Kwalbar manja.
Sandar sabulu. In ciwo ya faɗo tsakar dare,
sidi ɗari biyu, a biya sannu, babu ruwa a kai.

Hajiya Sala ce ta kafa dokar tun farko:
ba a ɗaga murya wurin kiran suna, ba a ɗaukar hoto.
Ta ce yunwa kaɗai ta ishi wuya,
ba sai an ɗora kunya a bisa ba.

Wa ke zubawa? Mu ne dai.
Mahauta su aiko da abin da ya sawwaƙa,
direbobin turoturo su haɗa nasu ran Juma'a,
wani yaronmu a Italiya ya turo ta waya
in sanyi bai cinye masa aiki ba.
Babu jinka a Nima, sai rufin kwano mai yoyo,
amma shi ma hannu ɗaya bai taɓa ɗaga shi ba.

Shekara shida ina rubuta sunayen mutane,
ni malamin aji huɗu, mai gogaggiyar riga.
Sai ga mai gidanmu wancan wata,
ya yi sallama da fara'a, ya tambayi yara,
ya ce hayar shekara biyu, a dunƙule, kafin Sallah.
Na biya. Tukunya ta yi shiru.
Matata ta koyi tafasa ruwa da ƙarfi
don maƙwabta su ji motsi a madafa.

Yau na bari kowa ya watse.
Aka kira Magariba, ban tashi ba.
Na buɗe shafi, biro ya yi nauyin taɓarya,
na rubuta sunan da ubana ya raɗa mini
a ƙarƙashin na Fusena.

Hajiya ba ta dube ni ba.
Ta tsoma olonka cikin buhu,
ta bar masa tozo kamar yadda take bar wa kowa,
ta ce, Malam, riƙe bakin ledar da kyau,
shinkafa ba ta son ƙasa.